Mai wankin ƙoda da ƙashin da ke tsirowa a jijiyoyin zuciya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau maganar ciwon ƙoda za mu yi, ko da yake taki ma zai shigo cikin zancen can gaba. A da, in aka ce ƙodar mutum ta daina aiki, sai mai hali ya kama hanyar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko ya tsallaka iyaka zuwa Kano. Marar hali kuwa sai ya koma gida ya kwanta. Yanzu babban asibitin ƙasa na Damagaram yana da sashen ciwon ƙoda, da injunan wanke jini, abin da muke kira wankin ƙoda, likitoci kuma suke cewa diyaliz. Daga Mirya, Magarya, Matamai, Gure da Tanut, nan ake kawo marasa lafiya. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta, ta kuma soke jikka 150 da ake biya kafin a fara yi wa mutum wanki. Saboda haka gidajen da ke da mai wankin ƙoda suna ƙaruwa, har a karkara.

Akwai abin da yawancin masu jinya ba su sani ba. A ƙasashen da aka daɗe ana wankin ƙoda ana kuma rubuta dalilin mutuwar kowa, an ga kusan rabin masu wankin zuciya ce ko jijiyoyin jini suke ɗauke su. Ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne jijiyoyinsu sukan sandare, su yi tauri kamar ƙashi. Wannan tauri yana farawa a ɓoye, kuma abin da ke cikin akushi yana da hannu a ciki. Don haka maganar ta shafi mai dafa abincin gidan kamar yadda ta shafi marar lafiyar.

Aikin ƙoda

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san ƙoda. Biyu ne, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Ta mutum ba ta fi dunƙulen hannu ba. A cikin kowace ɗaya akwai ƴan rariyoyi wajen miliyan ɗaya, ido ba ya ganinsu. Dare da rana jini yana ratsa su. A yini da kwana sukan tace ruwa kusan lita 180, su mayar da kusan duka cikin jini, su fitar da lita ɗaya da rabi ko biyu tare da dattin jiki. Shi ne fitsari.

Tacewa kaɗai mutane suka sani. Amma ƙoda ita ce kuma mai awo a kasuwar jiki. Ita ke auna gishiri da ruwa. Ita ke aika wa ɓargo saƙo ya yi sabon jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda yakan yi fari fat. Ita ce kuma ke ƙarasa gyaran bitamin D. Fatarmu tana yin wannan bitamin daga hasken rana, mu kuwa rana ba ta yi mana kaɗan ba, amma abin da fata ta yi kamar hatsi ne da aka sussuka ba a daka ba. Sai ya bi ta hanta, sannan ƙoda ta ƙarasa shi, kafin ya yi amfani.

Kalsiyam da fosfor

Sunaye biyu za ku riƙe. Na farko kalsiyam. Shi ne ke cikin allin rubutu, da ɓawon ƙwai, da dutsen da ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti. Na biyu fosfor. Shi kun san shi tuni. In kun duba buhun takin zamani mai lamba 15-15-15, lambar tsakiya ta fosfor ce. Shi ne ke cikin dutsen fosfat na ƙasar Tawa. Gonakinmu na jigawa yunwarsa suke yi. Makiyayi kuma ya san saniyar da ke tauna tsohon ƙashi a daji da rani: fosfor take nema.

Waɗannan biyu in sun haɗu su ne ƙashi. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙasusuwa da haƙora, haka ma wajen kashi 85 cikin 100 na fosfor. Ɗan abin da ya rage shi ke yawo cikin jini, kuma dole ya tsaya a kan awo. Kullum muna cin fosfor fiye da bukatarmu, ƙoda mai lafiya tana zubar da rarar a fitsari ba tare da mun sani ba. Abin da ƙasarmu ta rasa, shi ne ke yi wa mai ciwon ƙoda yawa.

In ƙoda ta raunana, abu biyu suna faruwa tare. Fosfor yana taruwa, don ba mai fitar da shi. Bitamin D kuma ba ya ƙarasa gyaruwa, sai hanji ya kasa tsotso kalsiyam daga abinci, kalsiyam ɗin jini ya yi ƙasa. To, a wuya, bayan inda maƙoƙo yake fitowa, akwai wasu ƴan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Likitoci suna ce musu paratiroyid. Su ne masu gadin kalsiyam. Da sun ji ya ragu sai su aika ɗan aike cikin jini zuwa ƙashi: a buɗe rumbu. Ƙashi ya fara sakin kalsiyam. Amma ba ya sakinsa shi kaɗai, da fosfor suke fitowa. Fosfor ya ƙaru, masu gadi su ƙara aike, rumbu ya ƙara zuba. Shekara da shekaru a haka, ƙashi ya zama kamar icen da gara ta ci, kayan gininsa kuwa suna yawo cikin jini suna neman wurin zama.

Yadda jijiya take zama ƙashi

Jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ba bututun ƙarfe ba ce. Tana da laushi kamar fatar da majema suka jeme da kyau. Duk bugun zuciya sai ta ɗan buɗe, sannan ta koma, ta tura jinin gaba. A cikin bangonta akwai ƴan tsokoki masu wannan aiki. In suka daɗe suna jiƙe cikin jini mai fosfor da yawa, sai su sake hali. Su bar aikin tsoka, su kama aikin magina ƙashi, su riƙa jera kalsiyam da fosfor a bangon jijiya. Jemammiyar fata ta koma ƙirgi.

Wasu sukan kwatanta abin da farin ɓawon da ke kama gindin butar shayi in ana dafa ruwan rijiya. Kwatancin ya yi kusa, amma kada ya ruɗe ku har ku zargi rijiyar garinku. Ruwan sha ba shi ke kawo wannan ciwo ba. Ɓawon buta kwanciya yake yi kawai, ana kankare shi da cokali. Na jijiya gini ne, jiki da kansa ya yi shi, a cikin naman bango yake. Jini mai lafiya yana da masu hana wannan gini, su ma ciwon ƙoda yana rage su.

Taurin iri biyu ne. Akwai wanda ke kama fuskar ciki ta jijiya, inda kitse ya riga ya manne, ya ƙuntata hanya. Wannan tsofaffi da masu shan taba da masu ciwon sukari sukan same shi ko da ƙodarsu lafiya lau. Akwai kuma wanda ke kama tsakiyar bango, hanya a buɗe take amma ba laushi. Wannan ya fi yawa ga masu ciwon ƙoda da masu sukari. Mai wankin ƙoda sau da yawa yana da duka biyun.

Zuciya tana bugawa wajen sau dubu 100 a yini da kwana. Ita ma tsoka ce, tana bukatar abinci. Jinin da ke ratsa cikinta ba ya ciyar da ita. Tana da nata ƙananan jijiyoyi da suka kewaye ta daga waje, manyan rassansu uku, faɗin kowane kamar rabin kaurin fensir. Abin lura a nan: zuciya ta fi shan jininta a ɗan hutun da ke tsakanin bugu da bugu, kuma laushin babbar jijiya ne ke turo mata shi a lokacin. In babbar jijiya ta sandare, wahala ta zo wa zuciya ta fuska biyu. Tana turi da ƙarfi fiye da da, har namanta ya yi kauri, bukatarta ta ƙaru. Abincinta kuma ya ragu. Kamar jakin da aka ƙara wa kaya aka rage wa dusa. Wani lokaci taurin har ƙofofin cikin zuciya yake kamawa, su kasa buɗewa sosai.

Abin da likitoci suka gani

Injin wankin jini na farko wani likitan ƙasar Holan ne, Willem Kolff, ya haɗa shi a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. A 1960, a birnin Siyatil na Amurka, Dokta Belding Scribner ya samo dabarar da ta sa ake iya yi wa mutum ɗaya wanki mako bayan mako har shekaru. A 1974 likitocin wannan birni suka waiwayi mutum 39 da suka daɗe a kan inji. Cikin 23 da suka rasu, 14 lalacewar jijiyoyin jini ce ta kashe su. Tun daga nan aka fara sa ido.

A 1990 wani likitan zuciya a Amurka, Arthur Agatston, ya fito da hanyar ƙidaya kalsiyam ɗin jijiyoyin zuciya da na'urar hoto ta sikana, a ba shi lamba. Sifiri na nufin ba a ga kome ba. Da wannan awo, a shekarar 2000, Dokta William Goodman da abokan aikinsa a Los Anjalas suka duba yara da matasa masu wankin ƙoda. Cikin 23 da ba su kai shekara 20 ba, ba a ga taurin ga ko ɗaya ba. Cikin 16 masu shekara 20 zuwa 30, an gan shi ga 14. Ku sake karanta lambar. Samari ne da ƴan mata, shekarun da ake noma kadada ba a ji a jiki ba, amma jijiyoyin zuciyarsu irin na tsofaffi. Waɗanda aka sake aunawa bayan kamar wata 20, lambarsu ta kusa ninkawa. An kuma lura waɗanda abin ya kama sun fi daɗewa a kan inji, fosfor ɗinsu ya fi yawa, sun kuma fi shan ƙwayoyin kalsiyam.

To, injin ne ya jawo?

Wannan tambaya dole a amsa ta, don a ƙauyuka da yawa ana cewa wanda ya hau inji ya tafi ke nan, har wasu su ƙi kai ɗan uwansu sai ya galabaita. Injin ba shi ya kawo taurin ba. Awon kalsiyam da fosfor yakan fara karkacewa tun ƙoda tana da sauran rabin ƙarfinta, shekaru kafin a yi zancen inji. Da yawa suna isa ɗakin wanki da jijiyoyinsu sun riga sun fara tauri. Injin yana tsawaita rai, sai dai bai kai ƙoda ba. Ƙoda tana aiki awa 168 a mako. Inji awa 4 ne sau uku, awa 12 ke nan. A wurare da yawa na Afirka, saboda ƙarancin injuna da tsadar kaya, sau biyu ake samu.

Ga lissafi, ku ɗauko alli. A ƙiyasi, mutum yakan ci fosfor miligiram 1000 a rana. Hanji ya tsotse kamar 600. A kwana 7 ya zama 4200. Zama ɗaya a kan inji yana cire kamar 900. Mai zama uku an cire masa 2700, saura 1500. Mai zama biyu an cire masa 1800, saura 2400. Wannan bashi ne da ke hawa kowane mako. In mutum ya tsallake zama ɗaya saboda ranar kasuwa, ko biki, ko rashin kuɗin mota, ku ƙara 900 a kai.

Tsawon zaman ma yana da muhimmanci. Fosfor ba duka ke cikin jini ba, yawancinsa yana ɓoye cikin nama, a hankali yake fitowa, kamar ruwan da ke tsattsafowa a rijiya bayan an kwashe. Wanda ya ce a sauke shi bayan awa 3 don motar garinsu za ta tashi, ya bar abin da ya zo zubarwa. Masu rakiya, ku ne kuka fi yawan matsa wa marar lafiya a kan wannan. Ku nemi masauki a Birni ko Zongo wajen dangi, ya fi.

Ruwa kuma, mu mutanen Damagaram mun san darajarsa. Ƙarancinsa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, har yau kuma daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Zama ɗaya na awa 4 yana cin tataccen ruwa kamar lita 120, bido 6 masu cin lita 20, kuma kafin a samu wannan sai an tace wanda ya fi shi yawa. Ana cire masa duk abin da ke ciki, sannan likita ya zuba kalsiyam daidai awo. In an ce muku yau an ɗage wanki saboda ruwa ko wuta, ku tambayi ranar ramuwa kafin ku bar asibiti, ku kuma tsananta kiyaye abinci da sha har ranar.

Yadda ake ganewa

Taurin jijiya ba ya ciwo da kansa. Abin da ke tare da shi ne yake nuna alama: ƙaiƙayin jiki da ba ya jin magani, jan ido, ciwon ƙashi da gaɓoɓi, ƙafa ta riƙe in an yi ƴar tafiya ta sake in an huta, gyambo a yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Ga zuciya kuwa, nauyi ko matsi a ƙirji, wani lokaci har kafaɗar hagu ko muƙamuƙi, haki a kan ɗan aiki, jiri a kan inji. Mai ciwon sukari yana iya samun bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba, sai gumi da kasala kawai. Ciwon ƙirjin da ya wuce minti 15 bai lafa ba, ba na jiran ranar wanki ba ne. A tafi asibiti a lokacin.

Awon hawan jini ma yana ba da labari. Lamba biyu ake faɗa muku, kamar 12 da 8. In ta sama ta hau ta ƙasa ta sauka, misali 17 da 7, tazarar nan mai faɗi alama ce ta jijiyoyi sun rasa laushi.

Ba dole sai an yi sikana ba. Hoton ciki na yau da kullum, wanda ake ɗauka ta gefe, yana nuna babbar jijiya in ta yi tauri, sai a gan ta fara a gaban ƙashin baya. Na'urar duba zuciya, irin wadda ake duba mai ciki da ita, tana nuna ƙofofi da kaurin nama. Amma gwajin da ya fi amfani shi ne na jini, don shi ke nuna abin da za a iya gyarawa. Fosfor na mai lafiya yana tsakanin miligiram 25 da 45 a lita. Kalsiyam tsakanin 85 da 105. Ƙa'idar likitocin ƙoda ta duniya ta ce a auna wa mai wanki waɗannan biyu duk wata ɗaya zuwa uku, ɗan aiken paratiroyid kuma duk wata uku zuwa shida.

Abin da ke cikin akushi

Nan ne aikin gida yake. Fosfor ɗin abinci ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan labari ne mai daɗi ga talaka.

Na hatsi da wake da gujiya a ɗaure yake. Hanjin mutum ba ya iya kwance shi sosai, bai fi rabi ke shiga jini ba, sau da yawa ma bai kai ba. Yawancinsa kuma a dusa yake, surfe da wanki suna rage shi. Saboda haka tuwon gero da na dawa da na masara da shinkafa ba abokan gaba ba ne. Kada a hana marar lafiya tuwonsa.

Na dabba ya fi shiga jini. Lita ɗaya ta madarar shanu tana ɗauke da fosfor wajen miligiram 900, kusan abin da inji ke cirewa a zama guda, ko da yake ba duka hanji ke tsotsewa ba. Nono tsami da kindirmo duk haka suke, tsami ba ya rage shi. Cuku ya fi, don madara ce aka tattara aka busar. Mun san wannan magana tana da nauyi a ƙasar da fura da nono ne abincin rana, kuma mai zuwa gaida marar lafiya ƙwaryar nono yake riƙowa. Ba a ce a bari ɗungum ba. A dama fura da ruwa, a ɗiga nono kaɗan don ɗanɗano, gwargwadon abin da likita ya yarda. Sauran masu yawan fosfor su ne hanta da ƙwaƙwalwa da kayan ciki, gwaiduwar ƙwai, ƙananan busassun kifi da ake daka su da ƙayarsu, da sardin na gwangwani.

Mafi sharri shi ne wanda masana'anta ke zubawa don abinci ya daɗe ko ya yi daɗi. Wannan ba a ɗaure yake ba, kusan duka yake shiga jini. Yana cikin baƙin lemon kwalba, da cukun kanti mai laushi da ake shafa wa burodi, da naman gwangwani. Abin takaici, su ne ƴan uwa masu kuɗi suke sayowa a kasuwar Dole don nuna ƙauna. In takardar jikin kaya tana da kalma mai ɗauke da haruffan "phos", ku ajiye shi. Ga amfanin karatu.

Amma a yi hattara da wuce gona da iri. Inji yana tafiya da wani abincin gina jiki a kowane zama, mai wanki kuwa yana bukatar nama fiye da yadda ake zato. Wanda aka hana kome har ya rame, yunwa za ta riga taurin jijiya kai shi ƙasa. Farin ƙwai yana gina jiki, fosfor ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Da damina ƙwan zabi yana araha: a dafa, a ba shi farin, yara su ci gwaiduwa. Tsokar nama ko kaza, a yanka ƙanana, a tafasa da ruwa mai yawa, a zubar da romon farko, sannan a sa a miya. Romon nan da muke ba marar lafiya don ya ji ƙarfi, ga mai ciwon ƙoda shi ne abin zubarwa.

Gishiri yana hau da jini, yana kawo ƙishirwa, ruwan da aka sha kuma ba hanyar fita, sai ya taru a kan zuciyar da ta riga ta gaji. Kantu na Bilma, manda, kanwa, dunƙulen Maggi da ire-irensa, kilishi, duk gishiri ne a wurin ƙoda. A cire wa marar lafiya miyarsa kafin a sa wa ta gida. Ruwan toka kuwa, da dabino, da busasshen tumatir, da ayaba, matsalarsu dabam ce: suna da wani gishiri mai suna fotasiyam, wanda in ya taru yana iya tsayar da zuciya a yini ɗaya. Mai son yin azumi ya fara shawara da likitansa, musamman saboda buɗe baki da dabino da shan ruwa da yawa a lokaci guda.

Ƙwayar da ake sha a tsakiyar cin abinci

Abinci kaɗai ba ya biyan bashin nan na mako. Saboda haka likita yakan rubuta ƙwaya mai kama fosfor. Aikinta a cikin hanji yake: ta haɗu da abinci, ta riƙe fosfor, su fita tare a bayan gida. Wadda aka fi samu a nan ita ce karbonat na kalsiyam, dangin alli.

Ku karanta wannan da kyau. In an sha ta tare da loma, tana kama fosfor. In an sha ta da ciki wayam, da asuba ko lokacin kwanciya, ba ta tarar da abin kamawa ba, sai kalsiyam ɗinta ya fi shiga jini, ya je ya ƙara wa magina kayan aiki. Ƙwaya ɗaya, lokaci ne ya raba amfaninta da cutarta. Sai dai in likita da kansa ya ce a sha ta tsakanin abinci don kalsiyam ɗin jini ya faɗi. In ba a ci abinci ba, ba a sha. Ba a kuma ƙara yawanta don an ji ta yi daɗi.

A shekarun 1970 da maganin alminiyam ake wannan aiki. Yana kamawa sosai, amma an gano yana taruwa a ƙwaƙwalwa da ƙashi, aka bar ba da shi na dogon lokaci, aka koma kalsiyam. A 1998 aka fito da sebelamer, wanda ba shi da kalsiyam, daga baya kuma lantanum. Bincike ya nuna da sebelamer taurin ya fi tafiya a hankali. Suna da tsada ƙwarai. Wanda bai iya sayensu ba kada ya karaya: wani babban gwaji a Japan da aka bayyana a 2021, mai mutum fiye da 2000, ya gwada lantanum da karbonat na kalsiyam, bai ga bambanci a yawan ciwon zuciya tsakaninsu ba. Abin da ya fi shi ne awo ya tsaya daidai.

Akwai al'adar sayen ƙwayar kalsiyam mai tafasa a ruwa, ko ƙwayoyin bitamin, duk lokacin da aka ji gajiya ko ciwon ƙashi. Ga mai ciwon ƙoda wannan ƙara wa wuta ice ne. Haka farin ruwan maganin gyambon ciki, mai alminiyam ko magneziyam. Haka cin farar ƙasa da wasu mata suke yi. Bitamin D gyararre likita ne kaɗai ke ba da shi, bayan gwaji, don in ya yi yawa shi ma yana jawo fosfor da kalsiyam daga hanji. In ƙwayoyin wuya sun kumbura sun ƙi jin magani, akwai ƙwayar da ke kwantar da su, akwai kuma aikin fiɗa da ake cire su.

Ƙashin da ya riga ya ginu a jijiya ba a samu maganin da ke narkar da shi ba. Duk mai tallar da ya ce yana da jiƙon wanke jijiya ko farfaɗo da matacciyar ƙoda, kuɗinku yake so, kuma jiƙon ba shi da hanyar fita daga jikin marar lafiya. Dashen ƙoda, wanda asibitin koyarwa na Aminu Kano ya fara yi a 2002, yana gyara awon jini, yana rage saurin taurin, amma tsohon ginin yana nan. Taba kuwa, ta sha da ta tauna, a bar ta yau.

Kafin a kai ga inji

Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma duka biyu ana auna su a asibitin karkara cikin minti kaɗan. Bayansu akwai tsargiya, wadda masu aiki a tafkuna da fadamu irin na Gidimuni da Korama suka sani, da amosanin jini, da toshewar fitsari ga dattawa, da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da ake saye a faranti a kasuwa a sha kullum bayan an taso daga gona. A maƙwabtanmu na kudu, wajen Gashuwa da Nguru, likitoci sun daɗe suna ganin ciwon ƙoda da yawa ga manoma, ana kuma kan binciken dalilinsa. Mai ƙoda lafiya da ke aiki cikin zafin bazara ya sha ruwa sosai, kada ya jira sai fitsarinsa ya yi ja. Dokar rage ruwa ta mai wanki ce kawai. Wanda ya ga kumburin fuska da safe, ko kumfa a fitsari, ko yawan tashi fitsari da dare, ya nemi a gwada masa fitsari da jini, gwajin da ake kira kireyatinin.

Ga gidan da ke da mai wanki, a sayi littafin rubutu ɗaya. A ja layi biyar a kowane shafi: kwanan wata, nauyin jiki kafin wanki da bayansa, awon hawan jini, lambar fosfor, lambar kalsiyam. In an karɓo takardar gwaji, a roƙi malamin asibiti ya nuna inda lambobin biyu suke, a kwafe su. Ranar ganin likita a tafi da littafin, da duk wani magani da marar lafiya ke sha a cikin leda ɗaya, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya, a zube su a kan tebur.